Ludlow, garin da fada ta mutu ta bar kasuwa tana ci

Yawancin mutanenmu in sun zo Ingila Landan ce a gabansu, in an yi nisa a leƙa Manchester saboda ƙwallo ko Birmingham saboda 'yan uwa, shikenan mutum ya koma gida yace ya ga ƙasar Turawa. Ni kuma abun da ya daɗe a raina shi ne in ga irin ƙananan garuruwan nan nasu na kasuwa, waɗanda suke nan tun kafin a san jirgin ƙasa ko masana'anta, manoma su kawo kaya ranar kasuwa su sayar su koma ƙauye da yamma. Ƙanena da ke karatu a Birmingham shi yace min, "Yaya in dai irin wannan kake so to Ludlow zamu je, amma fa sai ranar da kasuwa ke ci." Haka kuwa aka yi, muka tsayar da Asabar.

Ludlow tana yankin Shropshire ne, can yamma, dab da iyakar Wales. Daga Birmingham jirgin ƙasa muka hau zuwa Shrewsbury, a nan muka canja muka shiga wanda ke gangarawa kudu, wajen rabin awa ne daga nan. Hanyar duk tsaunuka ne kore shar da tumaki birjik kamar an watsa su, kuma ka riƙe maganar tumakin nan dan su ne asalin arziƙin garin gaba ɗaya. Garin kansa ƙarami ne, mutanensa dubu goma ne da 'yan kai, amma gine-ginen da gwamnati ta sa a rajistar kayan tarihi a cikinsa sun kusa 500.

Kana fitowa daga tasha abun da zaka fara cin karo dashi kantin Tesco ne, an gina shi a filin da a da ake cin kasuwar dabbobi kafin a mayar da ita bayan gari. Ka wuce shi ka kama Corve Street kana hawa tudu, a saman tudun nan ne garin zai fara nuna maka shekarunsa. Akwai wani otal da ake ce ma Feathers, wallahi sai da na tsallaka ɗaya gefen titi dan in gan shi gaba ɗaya. Bene ne hawa uku na katako baƙi da bango fari, ko wane hawa ya ɗan turo gaba ya fi na ƙasansa, kuma ba inda aka bar katakon haka nan, ko ina sassaƙa ce, har ka rasa inda zaka ajiye ido. Ginin ya ɗan karkace saboda tsufa amma yana aiki, mutane na shiga da akwatunansu suna kama ɗaki. A 1619 wani lauya ɗan Wales mai suna Rees Jones ya gina shi a matsayin gidan zamansa, daga baya ya zama masauki, sunan kuma daga gashin jimina ne wanda shi ne tambarin yariman Wales mai jiran gado. Barandar da ke gaba daga baya aka ƙara ta a ƙarni na 19, 'yan siyasa ke tsayawa a kai suna neman ƙuri'a. Tambayar da ta zo min ita ce, me lauya yake a ɗan garin nan da har zai samu kuɗin wannan gini? Amsar tana can cikin fada, zan zo kanta.

Wurin da otal ɗin yake sunansa Bull Ring, nan ake tara dabbobi tun zamanin da. A tsakiya akwai wani tsohon gini na ƙarni na 15, Tolsey, inda ake karɓar kuɗin shiga kasuwa, kuma nan kotun kasuwa ke zama ta raba rigimar ciniki nan take, dan baƙon ɗan kasuwa ba zai iya zaman jiran shari'a wata da watanni ba, gobe yana wani gari. Wannan ya burge ni ƙwarai dan duk wanda ya taɓa fatauci ya san abun da ake nufi.

Daga nan sai tituna su tsuke, ka shiga wasu lunguna sirara guda huɗu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, High Street da Church Street da Harp Lane da Market Street, wani ma in mutum biyu sun haɗu sai ɗaya ya ɗan kauce. Da farko zaka ɗauka rashin tsari ne irin na tsohon gari, to labarin ya fi haka daɗi. Lokacin da Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, suka zana garin a ƙarni na 12, wani makeken fili suka bari tun daga ƙofar fada ya miƙe gabas, duk kasuwa ce. To ka san halin ɗan kasuwa, yau ya kafa tebur, gobe ya yi rumfa, jibi ya ga ai gara ya daina kwashe kaya kullum sai ya sa bango, jikansa ya ɗora bene a kai ya tare. Haka layukan rumfuna suka zama layukan gidaje, hanyoyin da ake bi tsakanin rumfuna su ne lungunan nan da muke ratsawa yau. Wato in kana tafiya a Harp Lane a cikin tsohuwar kasuwa kake tafiya, tsakanin rumfa da rumfa, shekara ɗaruruwa bayan masu rumfunan sun mutu. A bakin wurin akwai Buttercross, ginin dutse mai ginshiƙai da agogo a sama, an gina shi tsakanin 1743 da 1746, a ƙarƙashinsa matan ƙauye ke kasa man shanu da cuku, samansa ya taɓa zama makarantar 'ya'yan talakawa, yanzu kuma ɗan gidan tarihi ne.

Abun da ya rage na wancan babban filin shi ne Castle Square, kuma nan kasuwa ke ci har yau, Litinin da Laraba da Juma'a da Asabar, wasu Alhamis ɗin na manoman yankin ne zalla, wasu Lahadin kuma na tsofaffin kaya. Kar ka sa ran wata ƙatuwar kasuwa, 'yan layuka ne na rumfunan tamfol, a minti goma zaka zagaye ta in sauri kake. Mu dai ba sauri muke ba. Mun daɗe a gaban wani dattijo mai cuku, hannunsa ja saboda sanyi, yana yanka da wata waya siririya mai mariƙin katako maimakon wuƙa, ya ja ta ƙasa sau ɗaya cukun ya rabu sumul. Ya miƙo min ɗanɗano a kan takarda, yana gaya min gonar da aka yi shi da nisan ta daga inda muke tsaye, ba tare da ya damu ko zan saya ba. A bayana wata tsohuwa ce da kwandonta na saƙa, ko magana bata yi ba ya riga ya fara yanka mata abun da ta saba saya, suna hirar ƙafarta da ke ciwo. Ba a taya kaya a nan, kuɗin na rubuce a allo, amma sanayya tsakanin mai saye da mai sayarwa tana nan daram, kuma ita ce ban gani ba a manyan kantunan Birmingham inda na'ura ce ke karɓar kuɗinka. Akwai masu tuffa iri iri da ƙwai da zuma da burodi da shuke-shuke a tukwane. Ga ɗan uwa musulmi, a kula, garin ya yi suna a kan nama amma kaso mai yawa na alade ne, har su abun da ake naɗewa cikin fulawa a gasa, dan haka mu burodi da cuku da tuffa muka saya kuma sun ishe mu. Sunan da garin ya yi a harkar abinci ba na wasa bane, tun 1995 suke bikin abinci, yanzu a watan Satumba ake yinsa a cikin fadar kanta, kuma har yanzu akwai mahauta da masu gidan burodi masu zaman kansu a tsakiyar gari, abun da garuruwa da yawa a Ingila suka rasa.

A ƙarshen kasuwar fadar take, da wata tsohuwar igwa a gabanta wadda aka ƙwato daga hannun Rasha a Sebastopol a 1855. Fada ce kuma gidan yaƙi ce, iyalan de Lacy suka fara ta a ƙarshen ƙarni na 11, ba da daɗewa ba bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, dan su tsare iyaka daga mutanen Wales, kuma tana cikin na farko farko da aka gina da dutse a ƙasar. Wurin da suka zaɓa ma kaɗai ya isa ya gaya maka mayaƙa ne, a kan gaɓar dutse take, kogin Teme na zagaye ta ƙasa, kogin Corve na shigowa ta arewa. Ka sayi tikiti ka shiga, fili ne babba mai ciyawa, sai ka haye gada a kan wani rami da aka sara cikin dutse ka shiga cikin gida. A tsakar gidan akwai wani ɗan ɗakin ibada zagayayye na ƙarni na 12 wanda aka kwaikwayo daga wani coci a Ƙudus, irinsa kaɗan ne suka rage a Ingila. Sauran kuma bangaye ne dogaye ba rufi, kana ganin murhun ɗumama ɗaki a maƙale can sama a jikin bango inda a da akwai bene, yanzu tsuntsaye ne ke shiga suna fita.

Mutanen da suka zauna a ɗakunan nan ba ƙanana bane. Roger Mortimer ya samu fadar ta hanyar aure a 1301, shi ne wanda ya haɗa kai da sarauniya Isabella suka tumɓuke mijinta Edward na 2, ya juya ƙasar 'yan shekaru kafin a rataye shi a 1330. Daga zuriyarsa ta faɗa hannun gidan York, da ɗansu Edward na 4 ya hau mulki a 1461 sai ta zama ta sarauta. Shi ne ya turo ɗansa nan a 1473 yana ɗan ƙaramin yaro dan ya tashi a matsayin yariman Wales. Yaron nan yana Ludlow a watan Afrilun 1483 labari ya iso cewa babansa ya rasu, yana da shekara 12, aka ɗauko shi za a kai shi Landan a naɗa shi, a hanya baffansa Richard ya tare ayarin ya karɓe shi, aka ajiye shi da ƙanensa a Hasumiyar Landan, baffan ya zama sarki, yaran kuma ba a sake ganinsu ba. Ina tsaye a ƙofar da ya fita na kasa daina tunanin shekarunsa, sha biyu fa, ɗan aji ɗaya a sakandare, an fitar dashi daga gidan da ya sani ana ce masa ranka ya daɗe.

Bayan shekara goma sha tara wani yariman ya sake zuwa, Arthur ɗan Henry na 7, da amaryarsa Catherine 'yar sarakunan Sifen, an ɗaura musu aure a Nuwamban 1501. Ko wata biyar basu cika ba ya rasu a fadar nan ranar 2 ga Afrilun 1502 yana da shekara 15. An kai gawarsa Worcester, zuciyarsa kuma aka binne a cocin garin. Ƙanensa ne ya gaji kujerar ya zama Henry na 8, ya kuma auri matar yayan nasa a 1509, da shekaru suka ja bata bar masa ɗa namiji ba sai yace ai auren tun asali bai halatta ba tunda matar ɗan uwansa ce, ita kuma ta tsaya kai da fata har ta mutu cewa ba abun da ya taɓa shiga tsakaninta da Arthur. Fafaroma ya ƙi raba auren, Henry ya ɓalle daga Rum a 1534 ya naɗa kansa shugaban cocin Ingila. Cocin Angilika da muke gani har a Najeriya daga wannan rigimar ta samo tushe, kuma rigimar gaba ɗaya a kan abun da ya faru ko bai faru ba ne a 'yan watannin da yaran nan biyu suka yi aure, mafi yawansu a cikin bangayen nan.

To maganar lauya. Daga zaman yariman farko, ɗan Edward na 4, ne aka samu wata majalisa da ke mulkin Wales da yankunan iyaka daga Ludlow, da alƙalanta da kotunanta, kusan shekara ɗari biyu garin nan kamar shi ne babban birnin Wales duk da a Ingila yake. Sir Henry Sidney ya shugabance ta daga 1560 zuwa 1586, har yanzu tambarinsa na saman ƙofar shiga. Duk mai ƙara daga Wales nan zai zo, ya kama masauki, ya ci abinci, ya biya lauya, kaga inda su Rees Jones suka samu kuɗin sassaƙa. A 1689 aka soke majalisar, kuma abun da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya min a rai a duk tafiyar. Fadar da ta tsira daga yaƙin basasa, dan a 1646 miƙa wuya aka yi ba a rushe ta ba, zaman banza ne ya kashe ta. Ma'aikata suka watse, aka kwashe darmar rufin, ruwa ya shiga, katako ya ruɓe, mutanen gari suka dinga ɗibar abun da zasu iya ɗiba. A 1811 Edward Clive mai sarautar Powis ya saye kangon, ɗan Robert Clive ɗin nan ne da ya kafa wa Ingilishi mulki a Indiya ya kwaso dukiya mai yawa daga can, kuma har yau a hannun zuriyarsu take. Ban ji daɗin wannan ɓangaren ba amma gaskiya ce, kyawun wurare da yawa a ƙasar nan in ka bi sawun kuɗin sai ka ɓulla wata ƙasa da aka mulka.

Sarakuna sun tafi, alƙalai sun tafi, amma ta saman hasumiyar fadar kana hango tamfol ɗin 'yan kasuwa a bakin ƙofa, a daidai filin da aka ware musu tun farko. Ni a ganina su ne suka riƙe garin nan, kuma in kana son hujja ka shiga cocin St Laurence. Girmanta ya fi ƙarfin garin, hasumiyarta ƙafa 135 ce, kuma ba sarki ne ya gina ta haka ba, kuɗin gashin tumaki da yadin ulu ne, 'yan kasuwar garin ne suka sake gina ta a ƙarni na 15 lokacin da ulun wannan yanki ke cikin mafi tsada a Turai. Suna da wata ƙungiya, Palmers' Guild, tun ƙarni na 13, mambobi na zuba kuɗi, a taimaki wanda ya karye ko ya yi rashin lafiya, a riƙe makaranta, har zuwa 1551 da aka rushe ta dukiyar ta koma hannun hukumar gari. A gefen cocin akwai gidan gajiyayyu da wani mai sayar da yadi John Hosier ya yi waƙafinsa a 1486, aka sake gina shi a 1758, kuma har yau tsofaffi ne ke zaune a ciki, na ga labule da tukwanen fulawa a tagoginsu. Sadakar ɗan kasuwa ɗaya ta shekara sama da 500 tana aiki.

Shiga cocin ba wanda ya tambaye mu addininmu, wata mata mai kula da baƙi ce ma ta ja mu ta nuna mana kujerun katako na wajen masu waƙa, waɗanda in ka ɗaga mazaunin akwai sassaƙa a ƙarƙashi. Ɗaya daga ciki na durƙusa na kalla da kyau. Wata mai sayar da giya ce da ta saba tauye wa mutane mudu, wani shaiɗani ya saɓo ta a kafaɗa tana riƙe da kofin awon nata, wani na busa mata algaita irin tasu, wani a gefe yana karanto laifukanta daga doguwar takarda, a ɗaya gefen kuma bakin wuta ne a buɗe. Tauye mudu dai da muke ji a wa'azi tun muna yara, ga shi wani masassaƙi ya sassaƙa shi a ƙarni na 15 a garin da kowa ɗan kasuwa ne, ya san sarai wa yake ma magana.

Hasumiyar ana hawa, matakala wajen 200 ne masu murɗewa kuma a tsuke, mai ciwon gwiwa ya haƙura. Daga sama zanen Normawan nan yake fitowa fili, tituna sun gangara kogi a miƙe, Mill Street da Broad Street da Old Street, ko wane gida fuskarsa siririya a bakin titi amma filinsa ya yi tsawo ta baya, dan kowa ya samu bakin hanya ya kasa kaya. Gabas kuma dutsen Titterstone Clee ne da wasu fararen ƙwallaye na na'urar hango jirage a kansa.

Broad Street muka bi muka gangara. Samanta gidajen katako ne, ƙasa kuma gidajen jan bulo masu manyan tagogi na ƙarni na 18, lokacin da masu gonaki da masu hali suka mayar da garin wurin zuwa hutu da neman aure bayan majalisa ta tashi, talakawa kuma suka koma ɗinkin safar hannu da cinikin ulu ya ja baya. Har ƙanen Napoleon, Lucien, an taɓa tsare shi a wani gida a garin nan a 1811. A ƙarshen titin Broad Gate take, ita kaɗai ta rage cikin ƙofofi bakwai na ganuwar da aka fara a 1233, mota ɗaya ce ke iya wucewa a lokaci guda, an ɗora gida a kanta, kuma in ka tsaya a ciki zaka ga kwarmin da ƙofar ƙarfe ke saukowa ta ciki. A nan kam Kano ta faɗo min, dan ganuwarmu da Sarki Gijimasu ya fara ta girmi wannan da shekara ɗari, ta kuma ninka ta tsawo ba adadi, amma muna kallo ana ɗibar ƙasarta ana gini a kanta. Su a nan tun 1947 suke da dokar rajistar tsofaffin gine-gine, in gidanka na ciki ko taga zaka canja sai ka nemi izini, in ka yi gaban kanka laifi ne a kotu. Amma kar in zuzuta su da yawa, wani ɓangare na tasu ganuwar a bayan coci ya rufta a 2013, aka shafe shekaru ana jayayyar wa zai biya kuɗin gyara. Kuma kyawun nan yana da tsada, masu ritaya daga manyan birane na sayen gidajen, kuɗin gida ya hau, a kasuwar ma masu furfura sun fi matasa yawa nesa ba kusa ba, abun da ya sa na damu da wa zai gaji rumfar dattijon nan mai cuku.

Ƙasan ƙofar sai gadar Ludford ta dutse a kan Teme. A nan ne a watan Oktoban 1459 rundunar Richard na York, baban Edward na 4, ta ja daga da ta sarki Henry na 6, cikin dare wani kwamandansu Andrew Trollope ya sauya sheƙa da mutanensa, manyan suka ga ba sarki sai Allah suka sulale suka tsere, wasu Ailan wasu Calais da ke gaɓar Faransa. Gari ya waye ba shugabanni, sojojin sarki suka shiga Ludlow suka wawashe ta suka ci zarafin mata. Littattafai na kiransa yaƙin da ba a gwabza ba, amma masu shaguna a Broad Street su sun ji a jikinsu, kuma ba su suka haɗa rigimar ba.

In ka haye gadar ka bi dama akwai hanyar ƙafa a bakin kogi, Bread Walk, an yi ta a 1850, ana cewa da burodi aka biya leburorin dan kar kuɗin ya tafi gidan giya iyali su kwana da yunwa. Tana kai ka Whitcliffe, tudun da tun zamanin da na jama'ar gari ne, kowa na da haƙƙin kiwo da ɗibar dutse. Duk hoton Ludlow da ka taɓa gani daga nan aka ɗauke shi. Duwatsun wurin ma sun yi suna, masana ƙasa sun sa wa wani zamani na tarihin duniya, sama da shekara miliyan 420 baya, sunan Ludlow saboda binciken da aka yi a nan a shekarun 1830. Muka sauko ta gadar Dinham muka koma cikin gari.

A hanyar komawa muka sauka a Craven Arms, tasha ɗaya ce arewa da Ludlow, dan ƙanena ya san akwai masallaci a nan. Ɗan ƙauye ne a tsakiyar karkarar Turawa amma akwai al'ummar musulmi, saboda wata babbar abbatuwa ta halal da ke yanka tumakin tsaunukan nan ana kaiwa birane har da ƙasashen waje. Wato tumakin da a da gashinsu ake so, yanzu namansu ne ke tafiya, kuma 'yan uwanmu na cikin masu cin abinci a harkar. Muka yi sallah muka gaisa da mutane, sannan muka taka wajen mil ɗaya zuwa Stokesay, gidan da Laurence na Ludlow ya gina. Ɗan kasuwar ulu ne, ba basarake ba, ya sayi filin a 1281, ya yi kuɗin da har sarki Edward na 1 na cin bashi a wurinsa, a 1291 aka bashi izinin yi wa gidan katanga irin ta fada. Bai daɗe yana morarsa ba, a 1294 ya nutse a teku yana rakiyar jiragen ulu zuwa Turai. Babban zaurensa na nan da rufinsa da katakon asali na ƙarni na 13, har matakalar da ake hawa sama ta wancan lokacin ce kuma ana barin mutane su taka ta. Hukumar English Heritage ce ke kula da wurin, ana biyan kuɗin shiga, kuma lokacin sanyi ba kullum suke buɗewa ba, dan haka wanda zai haɗa shi da Ludlow a rana ɗaya ya duba kafin ya taso, ya kuma fara da kasuwa da safe dan 'yan rumfa tun la'asar suke fara naɗe kaya.